Kwale-kwalen da Na Tuƙa da Sunanki

Zuwa gare ki, Mai Kwarashi, matata, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar ƙasar zuciyata,

Sallama irin ta mai laifi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko za a ce ya shigo ba. Ina gaishe ki da jiki. Ina gaida Mama, Allah ya saka mata da alheri kan ɗawainiyar da take yi da ke. Ina gaida hannunki na dama, in zai yarda ya amsa gaisuwata.

Yau kwana goma sha tara ke nan da Yayanki ya zo ya ɗauke ki zuwa gidan Mama, kuma tun ranar ba ki ɗaga wayata ba. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga takarda, don na san halinki: ba ki iya ganin rubutu ki ƙyale, ko takardar da ke cikin kwalin magani sai kin karanta ta har ƙasa. Da wannan halin naki zan yi miki wayo na ƙarshe. Ki daure ki karanta har ƙasa, hasken gidana, don akwai magana a can da ta fi ni muhimmanci.

Gidan nan ya mutu tun da kika bar shi. Kujerarki ta bakin taga tana nan da lotsawar zamanki. Littafin da kike karantawa yana kife a hannun kujerar, a shafi na ɗari biyu da sha biyu, ban ɗaga shi ba. Allon zanenki caji ya ƙare masa, ya yi baƙi ƙirin, alƙalaminsa na gefe duk shatin haƙoranki. Ko'ina na juya aikin hannunki ne ke kallona. Kin saƙa wa butar shayi hula, kin saƙa wa rimot riga, kin saƙa wa akwatin kayan aikina mariƙi don kada ya yanke min tafi. Ke ce kika ce da zan iya tsayawa wuri ɗaya na minti goma, da ni ma kin saƙe ni kin rataye a bango kin huta da surutuna. Yanzu ga ni na tsaya wuri ɗaya, kwana goma sha tara, ina mai saƙar?

Kin tuna ranar da firij ɗinmu ya tsaya? Ina kwance a ƙasan kicin, kaina a bayansa, ina ta faɗa da injin, ke kuwa kina zaune a kan bokiti da allonki a cinya, shiru kamar mutuniyar kirki. Da na fito sai kika juyo min da allon. Kin zana ni da kunnuwa kamar na zomo, da teɓa kamar tulu, firij ɗin yana dariya a kaina, a ƙasa kin rubuta "Injiniya a bakin fama". Tun daga ranar sunan ya bi ni, ni da ko ƙofar makarantar injiniyoyi ban taɓa takawa ba, gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki kawai na iya. Na yi fushin ƙarya, na kama hannun da ya yi zanen na ce sai na hukunta shi. Ban taɓa riƙe abu mai rai kamar hannun nan ba. Yatsunki ko kina barci motsi suke, kamar tsuntsayen da ba su gaji da gina sheƙa. Wa zai ce min a ranar cewa hukuncin da na faɗa da wasa ni zan zartar da shi da gaske?

Sai safiyar Talatar nan da kofin shayi ya suɓuce daga hannunki, kika buɗe baki za ki kira ni maganar ta karkace. Hawan jini, aka ce, ya taɓa ɓarin dama. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Allah ya dawo miki da magana, ya dawo da ƙafa, hannu ne ya yi nauyin dawowa. Likitar gashin ƙashi, gajeriyar matar nan mai tabarau, ta zaunar da mu ta ce wata ukun farko su ne komai, abin da hannu bai koya ba a cikinsu da wuya ya koya daga baya. Ni da kunnena na ji, har na gyaɗa kai na ce in sha Allahu.

Ita ce ta haɗa mu da wasan nan na motsa jiki. Ƙaramin akwati a jona da talabijin, zoben roba mai faɗin faranti a riƙe da hannu biyu, madauri a ɗaura a wuyan hannun da ke ciwo. A talabijin kogi ne da kwale-kwale. In aka matsa zoben aka saki, wadda ke cikin kwale-kwalen ta ja filafili sau ɗaya. In an ƙetare kogin a ba da tauraro, ɗaya ko biyu ko uku, akwatin kuma ya aika wa likita sakamakon kullum ba sai an je ba. Da kika ga ana iya sa hoton mutum a ciki sai kika ƙi matar da suka zana, kika ce ba ta da fasali. Kika ɗauki alƙalami da hagu, kika kwana biyu kina fama, kika zana wata mata mai koren ɗankwali, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, bakinta a karkace kaɗan. Kika ce wannan ita ce ke. Ban taɓa son wani zane naki kamar wannan ba.

Kwana uku kika yi kina tuƙi kina cije leɓe. A rana ta huɗu zoben ya faɗi, kika durƙushe a kan tabarmar roba kina kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinki ba, kika ce, "Injiniya, yau kawai. Ka yi min yau kawai, kada likita ta ga ban yi ba." Me zan ce, farin watana? Wane dutse ne a ƙirjina da zan ce a'a? Na ɗaura madaurin a hannuna, na ƙetare kogin cikin minti huɗu, taurari uku suka fito suna walƙiya. Kika yi dariya, dariyar farko tun ranar da kofin ya faɗi. Don in sake jin wannan dariyar na yi washegari ba tare da kin roƙe ni ba.

Haka abin ya zama mana al'ada. Kullum da safe kafin in tafi shago, ni a tsakiyar falo ina haki, gumi sharkaf, ke a kujerarki da littafi a cinya kina juya shafi da hagu, kina karanta min wuraren da suka yi miki daɗi, kina tsokanata wai matar mai koren ɗankwali ta samu direba. Teɓata ta zube. Damatsana suka cika. Abokan aiki suka riƙa tambayata sirrin, ina murmushi ina cewa Allah ne. Ni na warke daga ciwon da ba nawa ba, hannunki kuwa yana kwance a cinyarki ƙarƙashin littafi, yana rufewa a hankali kamar furen da rana ta faɗi a kansa, ina gani ina kau da kai.

Har nan za ki iya cewa mu biyu muka yi. Na san kina faɗa wa kanki haka, don ke mai neman wa mutum uzuri ce. Amma daga nan zuwa ƙasa nawa ne ni kaɗai, kuma ina so ki gan shi a rubuce da hannuna.

Sau uku lokacin komawa wurin likita ya yi, sau uku na kira ta na ce aiki ya sha min kai. Ita kuma ta ce ba komai, sakamakon matarka ya ishe ni shaida, ba ni da majinyaciya mai ƙoƙari kamarta. Na ce miki ita ce ta ɗaga ranar. Ƙarya na yi.

Sai rana ta ashirin da shida. Ina ɗaura madauri kika rufe littafi, kika miƙe, kika ce, "Ba ni zoben. Yau ni zan yi." Minti ashirin da biyu kika yi. Saboda hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kwale-kwalen sai juyi yake a tsakiyar ruwa, ya nufi gaɓa ya dawo, ya nufa ya dawo. Gumi na ɗiga daga haɓarki, amma ba ki saki ba har hancin kwale-kwalen ya taɓa ƙasa. Tauraro ɗaya ya fito, ƙarami, shi kaɗai. Kika juyo idonki na sheƙi kika ce, "Ka gani? Wannan nawa ne." Kika tafi wanke fuska.

Kafin ki dawo na goge shi. Na ɗaura madaurin na sake tuƙawa, na mayar da shi uku. Ina juyowa na gan ki a bakin ƙofa da tawul a hannun hagu. Kika koma kujerarki, kika buɗe littafi, kuma ba ki ƙara cewa in ba ki zoben ba har ranar da kika bar gidan nan.

Me ya sa na yi? Na juya tambayar nan har ta gaji da ni. Tsoro ne, kada likita ta ga uku ya koma ɗaya ta tambayi dalili, asirina ya tonu. Amma akwai abin da ya fi wannan muni, kuma na yi alkawarin ba zan ɓoye miki komai ba a takardar nan. Na so jerin taurarin. Layi ne mai kyau, uku uku uku, babu giɓi, na riƙa kallonsa kamar nawa ne. Tauraronki ɗaya ya ɓata min layi. A sana'armu, in fis ya ƙone, wato ɗan abin da ke kare inji daga ƙarfin wuta, akwai maƙetacin mai gyara da ke cusa waya a gurbinsa. Koren haske ya kama, mai firij ya yi murna, bayan wata guda injin ya ƙone ƙurmus. Na sha zagin masu yin haka a gaban jama'a. Ashe a falona zan yi nawa, a jikin matata.

Ranar da wata uku suka cika ba sauran hanyar gudu. Likita har miƙewa ta yi ta tarbe ki da fara'a. Ta ajiye kofin roba a kan tebur ta ce ki ɗauko mata da dama. Hannun ya taso kaɗan, yatsun a dunƙule, suka ture kofin ya gangara ƙasa. Ta dubi kwamfutarta, ta dubi hannun, ta sake duban kwamfutar. Ta ce, "Wa yake yin wasan nan?" Ina tsaye a bayanki, makullin mota a hannuna, damatsana sun cika riga. Sai na ji muryarki a sanyaye: "Ni ce, likita. A hagu nake ɗaura madaurin."

Wayyo Allah, da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata! Likita ta cire tabarau ta ce ba ta iya taimakon wanda ke cutar kansa, ta cire sunanki daga jerin masu gashin kullum, ta ce mutum goma sha biyu kawai ɗakin ke ɗauka kuma akwai masu jira da gaske suke. A gida Mama ta yi miki faɗa har muryarta ta dushe. Yayanki ya ce ragwanci ne da son karatun littattafan banza. Sannan Mama ta kama hannuna, wannan hannun, ta ce Allah ya yi min albarka da haƙurin da nake yi da 'yarta. Na ce amin. Kina zaune kina jina na ce amin. Washegari kika ce a kai ki gidan Mama, kowa ya ɗauka don ta sa miki ido ne. Ni da ke kaɗai muka san wanda kike gudun gani.

Kin rufa min asiri da hannun da na kashe miki. Wace irin mace ce ke? Da me aka yi zuciyarki? Ni da na saba ganin ki kamar kurciya a bakin taga, ashe itaciya ce da ake sara tana yi wa mai saran inuwa. Wallahi da zagina kika yi a gaban likita da ya fi min sauƙi.

To ga maganar da na ce tana ƙasa. Jiya na rufe shago na je wurin likita. Na faɗa mata komai, da ɗaga ranakun, da tauraron da na goge. Ta ce ta sha ganin mazan da suka nakasa hannun matansu da duka, ni ne na farko da ta gani ya yi da tausayi. Na ce mata ba duka ne tausayi ba. Ta mayar da sunanki. Ranar Litinin, ƙarfe takwas na safe, kullum har mako shida. In ba ki je ranar Litinin ba za a ba wani gurbin, kuma ta ce ba za ta iya sake buɗe shi ba.

Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba, ko mai daɗi. Na tambaye ta me zai dawo. Ta ce kofi, mai yiwuwa. Cokali, mai yiwuwa. Ɓalle maɓallin riga, in an dage. Na ce kwarashi fa? Alƙalamin zane fa? Sai ta hau gyara takardun da ke gabanta.

Daga can na wuce wurin aikin Yayanki na maimaita masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafata a ƙofar gidan Mama. Ya yi daidai. Na roƙe shi abu ɗaya, ya gaya wa Mama cewa 'yarta ba raguwa ba ce, kuma albarkar da ta sa min ta karɓe ta mayar kanki, don taki ce tun farko.

Auta, ƙanwarki, ita ce ta yarda ta kawo miki wannan takarda, ita ce kuma ta gaya min abin da ya hana ni sukuni. Ta ce kin juya fuska ga bango. Ta ce ko littafi aka ajiye miki ba ki taɓawa, kuma kin ce ba asibitin da za ki ƙara takawa, hannun ya tafi ya tafi. Ke da ba ki iya ganin rubutu ki ƙyale! In haka ne to ban san ko wayona zai ci ba, ban san ko idonki zai kai wannan layin ba. Amma in ya kai, ina roƙonki, raɓar safiyata, don Allah ba don ni ba, ki je ranar Litinin. Ki je da Yaya, ki je da Auta, ki je da fushina a ƙirjinki in shi zai ɗaga ki daga gado. Ki matsa abin da za su ba ki kamar wuyana ne. Ban ce ki dawo gidan nan ba. Ban ce ki yafe min ba. Ina da bakin da zan nemi wannan?

Tare da takardar nan za ki ga kwandon zarenki, da bargon da kika fara saƙa wa jaririn Auta. Gida sittin da huɗu kika tsara, kin yi arba'in da ɗaya. Yaron ga shi har ya fara zama. Ran Lahadi na zauna da waya ina kallon masu koyar da saƙa, na yini ina soke yatsana, har na haɗa gida uku, karkatattu amma gidaje. Ina ta murna, ina cewa zan ƙarasa miki shi ki ji daɗi. Ina ɗaga shi a hasken taga sai na gane abin da nake yi. Madaurin ne na sake ɗaurawa a hannuna. Na warware su duka ukun. Za ki ga zaren ya lanƙwashe a wurin, ya ƙi miƙewa, wannan shaidata ce. Kwarashin na mayar da shi cikin maɗaukin zaren da kika bar shi. In bargon ya tsaya a arba'in da ɗaya har abada, to ya tsaya, naki ne.

Wasan kuma na goge nawa duka, kwana tamanin da bakwai na taurarin ƙarya, da danna maɓalli ɗaya suka tafi. Sai na shiga neman tauraronki, ɗaya tilon nan na gaskiya. Na buɗe akwatin da sukundireba, na bi duk inda na sani, na kai shi wurin masu gyaran kwamfuta. Suka ce abin da aka goge aka rubuta wani a kansa ba ya dawowa. Duk abin da ya lalace a unguwar nan ni ake kawo wa, wannan kuwa na kasa.

Yanzu in na kunna talabijin, matar mai koren ɗankwali tana zaune a kwale-kwalenta a bakin gaɓa, filafili a kan cinya, ruwa na kaɗa ta a hankali. Kowace safiya ina kunnawa in zauna a ƙasa in kalle ta, hannayena a ƙarƙashin cinyoyina. Ba zan ƙara tuƙa ta ba ko da za ta shekara ɗari a wurin.

Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai zan tsaya a tsallaken titin asibitin, gindin bishiyar da ke kusa da wurin tsayawar bas. Ba zan ƙetaro ba. Ba zan ɗaga miki hannu ba. In jakarki ta faɗi a bakin ƙofa zan tsaya ina kallo har ki sunkuya ki ɗauka da kanki, ko da zuciyata za ta tsage gida biyu, sai fa in ke kika juyo kika kira ni. In ba ki zo ba, zan koma ran Talata, da Laraba, in tsaya a gurbin da na sa kika rasa.

Ni ne naki, jiya da yau da ranar da za a miƙe ni, ko kin kira ko ba ki kira ba,

Mijinki,
Injiniya mai kunnen zomo